Zanzibar

Zanzibar tarin tsibirai ne a tekun Indiya, kusa da gaɓar Tanzaniya, tsakaninsu da tudu bai wuce kilomita 25 zuwa 50 ba. Manyan tsibiran guda biyu ne, Unguja da Pemba, sai ƙanana birjik. Unguja shi mutane suka fi kira Zanzibar kai tsaye saboda nan babban birnin yake. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen wajen sun kai kusan miliyan 1.9, yawancinsu Musulmi ne, yarensu kuma Swahili, kuma ma dai daidaitaccen Swahilin da ake koyarwa a makarantu daga karin harshen Unguja aka ɗauko shi.

Tarihi

Iska ce ta fara kawo baƙi. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas da suke kira kaskazi takan turo jiragen ruwa masu filafilai daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya, in ta juya ta zama kusi, wato iskar kudu, sai su koma gida da kaya. A masallacin Kizimkazi da ke kudancin Unguja akwai rubutu a bango mai ɗauke da shekarar 500 bayan hijira, wato wajen 1107, kenan Musulunci ya daɗe sosai a wajen.

Turawan Fotugal sun riƙe tsibiran tun farkon ƙarni na 16, sai Larabawan Oman suka fatattake su a wajen 1698. Amma wanda ya sauya wa Zanzibar fuska shi ne Sayyid Sa'id bin Sultan, sarkin Oman, wanda ya tattara fadarsa daga Maskat ya dawo da ita nan, wasu su ce 1832 wasu su ce 1840.

Kanumfari

A zamanin nasa ne kanumfari ya kankama. Asalin bishiyar daga tsibiran Maluku na Indonesiya take, ana kyautata zaton an shigo da ita Zanzibar ne ta hanyar tsibirin Moris ko na Reunion a wajen 1818. Ana cewa Sayyid Sa'id ya sa doka duk mai gona ya dasa kanumfari uku kan kowace bishiyar kwakwa ɗaya, in ba haka ba a ƙwace gonar. Ko ma yaya aka yi, kafin tsakiyar ƙarni na 19 Zanzibar ta zama ita ke riƙe da kasuwar kanumfarin duniya.

Shi wannan kanumfarin da muke jefawa a shayi da kunu da yaji ba 'ya'ya ba ne, tohon fure ne da ake tsinkewa tun bai buɗe ba, da hannu ake yi, mutum ya hau bishiya mai tsawo ya dinga tsinko shi gungu gungu, sannan a shanya a tabarma kwana uku zuwa biyar har ya koma baƙi-baƙi. Aiki ne mai cin hannu sosai, shi ya sa gonakin suka dogara kan bayi da ake kamowa daga cikin nahiya, wasu tun daga yankin tafkin Tanganyika da Malawi. Kasuwar bayi ta birnin sai a 1873 aka rufe ta lokacin Sultan Barghash bisa matsin Ingila, a filin aka gina cocin Angilika, bautar kanta kuwa sai 1897 aka haramta.

A 1872 wata guguwa ta kakkarya yawancin bishiyoyin Unguja, Pemba kuma ta tsira, tun daga nan ita ce ke noma kaso mafi tsoka. Yanzu Indonesiya ta yi musu nisa a noman. Ban da kanumfari ana noma kirfa da citta da kurkum da baƙin barkono da banila.

Mulkin Ingila da juyin juya hali

Ingila ta karɓi ikon tsibiran a 1890. Ranar 27 ga Agusta 1896 jiragen yaƙinta suka yi wa fadar sarki luguden wuta, yaƙin bai kai minti 45 ba aka gama, shi ake kira yaƙi mafi gajarta a tarihi. An samu 'yanci a Disamba 1963, wata ɗaya bayan nan, ranar 12 ga Janairu 1964, aka hamɓarar da sarkin. An kashe Larabawa da Indiyawa da dama, adadin har yau ana jayayya a kai. A 26 ga Afrilu 1964 Abeid Karume, shugaban Zanzibar, da Julius Nyerere, shugaban Tanganyika da ke kan tudu, suka haɗe ƙasashen biyu aka samu Tanzaniya, amma Zanzibar na da shugabanta da majalisarta.

Al'adu

Tsohon birnin, Stone Town, da dutsen murjani aka gina shi, lungunansa matsattsu ne mota ba ta shiga yawancinsu sai babur. An san shi da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyin Alƙur'ani a sama. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Beit al-Ajaib, gidan da Barghash ya gina a 1883, shi ne ya fara samun lantarki a tsibirin, wani sashensa ya rufta a Disamba 2020. Da magariba a lambun Forodhani ana gasa kifi da jatan lande ana sayar da ruwan rake da miyar urojo.

Kiɗansu na gargajiya taarab ne. A garin Makunduchi da ke kudancin Unguja kuma duk Yuli ana bikin Mwaka Kogwa, maza su dinga zane juna da kututturen ayaba wai don a sauke fushin shekara.

Yawon buɗe ido

Yau otal-otal na bakin teku sun fi kanumfari kawo kuɗin waje. Nungwi da Kendwa a arewacin Unguja an fi zuwa don iyo, saboda ruwan ba ya janyewa da nisa. A gabas, Paje da Jambiani, ruwa kan ja baya sosai, lokacin ne mata ke shiga su ɗaure ciyawar teku a igiya suna nomanta don sayarwa. Ana kai baƙi gonakin kayan yaji a Kizimbani da Kidichi, da dajin Jozani don ganin jan biri. Daga Darussalam tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin ruwa.