Ma'anar Taici, Damben Sinawa da Ake Yi a Hankali

Cikakken sunan taici shi ne taijiquan. A falsafar Sinawa, taiji shi ne tushen da yin da yang suka fito daga gare shi, wato kishiyoyi biyu masu cika juna kamar dare da rana, quan kuwa dunƙulen hannu ne. Asalinsa ke nan dabarar faɗa ce. An fi danganta shi da Chen Wangting, tsohon soja daga ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan, a ƙarni na 17. Wanda ake ganin tsofaffi suna yi da sassafe a lambunan birnin Beijing yawanci gajeren tsari ne mai motsi 24, da hukumar wasanni ta Sin ta tsamo daga salon gidan Yang, wani dangi da ya shahara wajen koyar da taici, a 1956. Cikin minti shida ake kammala shi. A 2020 UNESCO, hukumar raya ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa taici cikin al'adun gado na duniya.

Natsuwar da ake nema a cikinsa daga tsayuwa take farawa. A ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, a ɗan sassauta gwiwa, a miƙe baya kamar an rataye tsakar kai da zare, a saki kafaɗu. Numfashi ta hanci, ciki na kumbura yana saɓewa, hankali kuma a kan dantian, wurin da ke ƙasa da cibiya da kimanin faɗin yatsu uku. In za a taka, diddige ke fara sauka ba nauyi a kansa, sannan a zuba nauyin sannu a hankali har kashi 70 cikin 100 ya koma ƙafar gaba. Hannu ba ya tafiya shi kaɗai, ƙugu ne ke juya shi.

Gwiwa ce ke fara kuka in an yi kuskure. Ko dai ta wuce yatsun ƙafa, ko ta karkata ciki alhali tafin ƙafa na kallon waje, sai murɗawar ta faɗa kan gaɓar. Sabon shiga kada ya yi ƙasa sosai tukuna, durƙuso sosai ba gwaninta ba ce. Wani kuskuren shi ne riƙe numfashi wajen tuno motsi na gaba, nan take kafaɗu ke ɗagewa, wuya ya sandare. Gara a bar numfashin ya tafi yadda ya saba har jiki ya haddace motsin. Mai ƙoƙarin korar tunani da ƙarfi ma wahalar banza yake sha. Bin nauyin jiki daga wannan ƙafa zuwa waccan ya isa ya shagaltar da zuciya.

A waje, a nemi shimfiɗaɗɗen fili mai inuwa, marar santsi, da takalmi mai siririn tafi don a ji ƙasa. Kada a yi da cikakken ciki. Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako.