Tsadar Mai da Yawon Shaƙatawa a Jiragen Ruwa a Amurka

Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa shi ne fita kan tafki ko kogi ko bakin teku don nishaɗi, ko kamun kifi na sha'awa, ba don sufuri ko neman abinci ba. A Amurka harkar ta fi girma, domin jihar Fulorida kaɗai tana da jirage masu rajista kimanin miliyan ɗaya, Minesota da Mishigan masu yawan tafkuna kuma suna bin bayanta. Duk lokacin da mai ya yi tsada, sai muhawara ta taso kan ko jama'a sun fara janye jiki daga ruwa.

Dalilin damuwar shi ne jirgi mai inji ya fi mota shan mai nesa ba kusa ba, saboda ruwa ya fi iska turjiya. Shi ya sa masu jirage kan auna shan mai da awa maimakon nisan tafiya, kuma ƙiyasin da suka saba yi shi ne injin fetur da aka buɗe wa wuta gaba ɗaya yana shan kusan galan ɗaya a awa kan kowane ƙarfin doki goma, wato ma'aunin ƙarfin inji. Ke nan inji mai ƙarfin doki 200 zai iya lashe galan 20, wato lita 76 ko kusa da haka, cikin awa guda. Ga shi man da ake sayarwa a mashigin jirage ya fi na gidan mai na bakin titi tsada, musamman wanda ba a gauraya da itanol ba, wato sinadarin barasa da ake zuba wa fetur, wanda masu jirage suka fi so domin itanol yana jawo danshi cikin tanki.

Sau biyu aka ga tsadar ƙarara a wannan ƙarni. A Yulin 2008 gangar ɗanyen mai ta kai kusan dala 147, galan ɗin fetur kuma ya haura dala 4. Cinikin sababbin jirage ya faɗi warwas, kamfanin Brunswick mai ƙera jirage ya rufe wasu masana'antunsa, Genmar kuwa, wanda yake cikin manyan maƙera jirage, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Yunin 2009. Sai dai ɗora wa mai laifin gaba ɗaya kuskure ne, domin a daidai wannan lokacin ne darajar gidaje ta rushe, bankuna suka ɗaure bakin jaka, alhali sabon jirgi galibi da rance ake sayensa. Hujjar ita ce farashin fetur ya sauka ƙasa da dala 2 kafin ƙarshen 2008, amma kasuwar ba ta farfaɗo ba sai bayan shekaru.

Karo na biyu ya zo ne a Yunin 2022, lokacin da galan ya wuce dala 5 bayan Rasha ta mamaye Yukiren. Wannan ya riski harkar tana tsakiyar bunƙasa, tunda a 2020, sa'ad da annobar korona ta hana tafiye-tafiye, an sayar da sababbin jirage masu inji fiye da 300,000, adadin da ƙungiyar maƙera ta NMMA ta ce an yi shekara 13 ba a ga irinsa ba. Ciniki ya ja baya daga bisani, amma ya zo tare da ƙarin kuɗin ruwa da babban bankin ƙasar ya fara a Maris ɗin 2022.

Alƙaluman rajista da rundunar tsaron gaɓar teku ke tattarawa sun nuna raguwa sannu a hankali, daga kusan miliyan 13 a 2005 zuwa ƙasa da miliyan 12 a 2019, ba tare da sun bi hawa da saukar farashin mai sau da ƙafa ba. Amma rajista ba ta nuna ko jirgi yana fita ko yana lulluɓe da tamfol a bayan gida.

Inda tsadar ta fi bayyana shi ne yadda ake amfani da jirgin. Mai jirgin da ya saba ratsa tafki tun safe yakan tsaya a wani lungu na kusa, ya jefa anga, ya kashe inji, iyalinsa su yi iyo su ci abinci a nan har la'asar. Wasu sukan rage gudu, ko su haɗa kuɗin mai da abokai, masu ƙananan jiragen da ake ja da mota kuma sukan cika tanki a bakin titi kafin su isa ruwa. Wasu kuma sun koma ƙungiyoyin da ake biyan kuɗin wata a riƙa ɗaukar jirgi ba tare da an mallake shi ba, irin su Freedom Boat Club, wadda Brunswick ya saya a 2019.