Waiwaye: Kufan mashekari da tsoffin iyakokin gona a tuddan Zamfara

Mai bin hanyar Gusau zuwa Tsafe a mota, Dutsen Kwatarkwashi ne ke ɗauke masa ido. Amma a gindin irin waɗannan duwatsu, da kan tuddan da suka miƙa kudu wajen Maru da Ɗansadau, akwai ƙananan alamu da sai mai tafiya a ƙasa yake gani. Za ka tarar da duwatsun murhu uku sun yi baƙi ƙirin, kusa da su wani fili zagayayye wanda ƙasarsa ta fi ta kewaye duhu, ciyawarsa kuma ta fi tsawo. Wannan kufan mashekari ne, wato zangon da makiyaya ke zama da shanunsu. Can gaba kuma ga tsakuwa an tsince an jera a layi, ko tushen gamba a jere cikin saurar da ta daɗe ba ta ga fartanya ba. Wannan iyakar gonar wani ce.

Mashekari na damina ne. Da ruwa ya zauna, shuka ta fito, makiyayi kan kwashe garkensa ya hau tudu mai tsakuwa, inda ruwa ba ya kwanciya, ƙuda da sauro suna da sauƙi, kofaton shanu ba ya ruɓewa cikin laka, kuma ya yi nesa da gonakin mutane. Mata ne kan kafa bukkoki da sanduna da ciyawa, kuma ba a yi su don su wuce damina ɗaya ba. Da kaka ta yi, an ɗaure dammuna, sai a sauko cin kara da harawa. Manomi da kansa yakan je ya ce, "Arɗo, a kawo mini shanu su kwana gonata," ya haɗa da damin gero ko dawa, domin taki shi ne ran gonar tudu. Rani na tsananta a gangara fadamun Gulbin Sakkwato, ko Gagare, ko Gulbin Ka. Baɗi kuma a koma tudun bara.

Shi manomi alamarsa ta fi ƙarko. Gamba ana shuka ta a kan iyaka don ba ta mutuwa da rani, ga shi ana yanka ta a yi zana. Wasu jema suke sawa. A bakin burtali kuwa aguwa ake dasawa, wadda dabba ba ta ci. Bayan haka akwai shaidu masu rai: maƙwabcin gona, maigari, Sarkin Noma. Da an yi saɓani, ƙafa ake takawa a je wurin, dattijo ya nuna tushen gamba ko ɗorawar da kakanni suka yi yarjejeniya a kanta, magana ta mutu.

Abin da ya fara sauya wannan tsari ya daɗe. Kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, dutse mafaka ne daga mahara, shi ya sa tsoffin garuruwa suka raɓe shi. Da hare-hare suka lafa, mutane suka bazu cikin daji suna saran sabbin gonaki. Jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, haraji kuma da kuɗi ake biyansa. Duk mai neman sabuwar gona kuwa ya san babu ƙasa mai albarka kamar tsohon makwancin shanu. A ganina nan ne gindin maganar. Takin da garke ya tara shekara da shekaru shi ke janyo garma, makiyayi ya dawo da damina ya iske dawa ta tsaya inda bukkarsa take. Ya biya jangali, maigari ya san da zamansa, amma ba shi da abin nunawa sai duwatsun murhu.

Hukuma ta so ta gyara. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya a 1965, kuma babban dajin da ke arewa maso gabashin Zamfara ya zama wurin kiwo, aka bar wa manoma ƙauyuka irin su Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja a cikinsa. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin fili har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo. A takarda ke nan. A aikace, wanda ke zama wuri wata huɗu ya tashi ba shi ne ke zuwa sakatariya neman takarda ba.

Sai masifu suka biyo juna: farin 1973, annobar bushiya da ta kashe shanu a 1983, wani farin a 1984. Takin zamani ya rage buƙatar manomi ga garke. Injin ban-ruwa ya mayar da fadamu lambuna, mashaya suka toshe. Bayan 1999 aka yanka manyan gonaki a cikin dazuzzukan da aka keɓe, burtalai suka tsuke, wasu suka ɓace.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama hujjar kisa da satar mutane da suka addabi jihar tun wajen 2011. Wanda ya ɗauki bindiga ya ƙona ƙauye azzalumi ne, ko wane ne shi, kuma talakan manomi da talakan makiyayi duk sun ɗanɗana. Abin da ke damuna shi ne yanzu gonakin ma sun bi sahun mashekarai. Akwai ƙauyukan da aka watse, gonakinsu suka koma saura. Gobarar daji da zaizayar ruwa suna cin iyakoki, dattawan da suka san wace gamba ce ta wa suna gudun hijira a Gusau da Anka da sauran garuruwa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ranar da Allah ya kawo lafiya aka koma, marayu za su nemi gonakin iyayensu, makiyayan da ba su taɓa ɗaukar makami ba za su nemi tuddansu, masu kuɗi kuma za su zo da takardu.

Masarautu da ƙananan hukumomi suna iya fara aikin tun yau ba tare da shiga daji ba. A zaunar da masu gari da arɗaɗɗai da Sarakunan Noma da suka rage, a rubuta abin da kowa ya sani, ƙauye bayan ƙauye: ina burtali ya bi, wane tudu ne mashekarin wane gida, gonar wa ta yi iyaka da ta wa. Inda ake iya zuwa, a fita bayan kaka, lokacin da ciyawa ta kwanta ba a kai ga sa wuta ba, a ɗauki hoto, a auna wurin da waya, a ajiye kwafi ɗaya a fada, ɗaya a sakatariya.