Nazarin Ƙaurar Mutanen Poland da Adabin 'Yan Gudun Hijirarsu

Nazarin ƙaurar mutanen Poland fanni ne da ya tara masana tarihi da na zamantakewa da manazarta adabi da ma'aikatan ma'adanar takardu. Yana bibiyar mutanen da suka bar ƙasar tun daga ƙarshen ƙarni na 18: abin da ya fitar da su, inda suka yada zango, da abin da suka rubuta a can. Akan ce masu tushe a Poland da ke zaune a waje sun kai miliyan 18 zuwa 20, sai dai wannan kintace ne, don ya haɗa wanda ya fita bara da jikan jikan wanda ya fita a 1890. Babbar wahalar fannin ita ce shaidunsa a warwatse suke a nahiyoyi, kuma kowace irin shaida tana da hanyar da take ɓatar da mai bincike.

Kalmomi biyu

Polonia ita ce kalmar da ake kiran al'ummomin da suka zauna daram a waje, irin na Chicago ko jihar Paraná ta Brazil. Emigracja kuwa, a bakin waɗanda suka ƙi komawa gida bayan 1945, tana nufin hijirar siyasa, ta wanda ke jiran ranar komawa. Gwamnatin kwaminis ta fi son ta farko saboda ba ta da ƙaya, har ta kafa wata ƙungiya mai wannan suna a 1955 don jawo mazauna waje. Tsofaffin sojojin da ke Landan kuwa ba sa so a kira su da ita. Don haka kalmar da takarda ta yi amfani da ita takan nuna ɓangaren da marubucinta yake.

Manyan fita

Daga 1795 zuwa 1918 babu Poland a taswira, Rasha da Prussia da Austria sun raba ta. Bayan murƙushe boren da aka yi wa mulkin Rasha a 1830 zuwa 1831, hafsoshi da 'yan siyasa da marubuta suka kwarara Faransa. 'Yan dubbai ne kawai, amma an kira fitarsu Babbar Hijira saboda nauyin mutanen da ke cikinta: mawaƙa Adam Mickiewicz da Juliusz Słowacki, da Yarima Adam Czartoryski wanda gidansa na Hôtel Lambert a Paris ya zama tamkar ma'aikatar harkokin waje ta ƙasar da babu ita.

Fita ta biyu ta talakawa ce, wadda su kansu ke kira fita "don burodi", wato ci-rani. Tsakanin 1870 da 1914 kimanin mutum miliyan 3.5 suka bar yankunan Poland zuwa masana'antun Amurka, da ma'adinan kwal na Ruhr a Jamus, da gonakin kudancin Brazil. Ta uku yaƙin duniya na biyu ne ya haife ta. A 1942 an kwashe kusan mutum 115,000, sojoji da farar hula, daga Tarayyar Sobiyet zuwa Iran tare da rundunar Janar Władysław Anders. Bayan yaƙi da yawa suka ƙi komawa, Birtaniya ta yi musu dokar tsugunarwa a 1947, gwamnatin gudun hijira kuma ta ci gaba da zama a Landan har Disamba 1990, lokacin da shugabanta na ƙarshe, Ryszard Kaczorowski, ya miƙa wa sabon shugaban Poland, Lech Wałęsa, alamun shugabanci. Daga baya akwai Yahudawa kusan 13,000 da aka tilasta wa fita bayan Maris 1968, da 'yan zamanin Solidarność, ƙungiyar ƙwadagon da ta yi adawa da gwamnatin kwaminis, a shekarun 1980, sai kuma ambaliyar masu fita da ta biyo shigar ƙasar Tarayyar Turai a 2004.

Matsalar ƙidaya

Wanda ya sauka Amurka a 1890 daga wani ƙauye kusa da Kraków, galibi ɗan Austria aka rubuta shi. Na Poznań Bajamushe ne a takarda, na Warsaw ɗan Rasha. Sai a 1899 hukumar shige da fice ta Amurka ta fara rarraba baƙi bisa al'ummarsu, ƙidayar 1910 kuma ta tambayi harshen uwa. Duk adadin da ya shafi shekarun da suka gabaci wannan gini ne na mai bincike, kuma ya danganta da wanda ya ɗauka a matsayin ɗan Poland, tunda a jirgi ɗaya daga lardi ɗaya akan sami Yahudawa da 'yan Lithuania da 'yan Ukraine.

Yadda ake aikin shi ne a haɗa jerin fasinjojin tashar tashi da na tashar sauka, sannan a gwada da littafin baftisma da na aure na cocin ƙauyen. Nan ma akwai giɓi. Jerin tashar Hamburg na 1850 zuwa 1934 ya tsira kusan duka, amma na Bremen, wadda ta ɗauki fasinjoji masu ɗimbin yawa, yawancinsa babu shi: an riƙa zubar da tsofaffin takardu saboda ƙarancin wuri, yaƙi ya ci wani sashe na ragowar. Sunaye kuma sukan lalace a hannun magatakardan kamfanin jirgi da bai san haruffa irin su ł da ę ba, sai mutum ɗaya ya bayyana da rubutu uku. Wani kuskuren da aka saba yi shi ne ƙirga shiga ba tare da ƙirga komawa ba. 'Yan ci-rani da yawa sun koma gida, wasu sun sake fita, sai a ƙirga su sau biyu.

Ko a yau matsalar ba ta gushe ba. Masu fita bayan 2004 ba kasafai suke soke rajistar mazauninsu a gida ba, don haka hukumar ƙididdiga ta Poland takan dogara da alkaluman ƙasashen da suka karɓe su. Ƙiyasinta na 2017 ya nuna kusan miliyan 2.5 na zaune a waje na ɗan lokaci.

Wasiƙu a matsayin shaida

A nan ne fannin ya ba ilimin zamantakewa na duniya gudummawa. William I. Thomas da Florian Znaniecki sun wallafa juzu'i 5 kan manomin Poland a Turai da Amurka tsakanin 1918 da 1920, sun gina su a kan ɗaruruwan wasiƙun iyali da suka saya ta hanyar talla a wata jaridar 'yan Poland ta Chicago. Sun lura da abin da suka kira wasiƙar gaisuwa: takan buɗe da ambaton Yesu, ta bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya da suna bisa girmansu, kafin ta zo ga zancen kuɗi ko tikitin jirgi. Tsallake sunan wani a jerin kansa saƙo ne. Herbert Blumer ya yi wa aikin suka a 1939, yana cewa wasiƙun ba su isa su tabbatar da ra'ayoyin da aka ɗora musu ba. Akwai kuma son kai a samfurin: wanda ya adana wasiƙa kuma ya yarda ya sayar, ba shi ne kowa ba.

Wani tarin ya zo ta hanya mai ban mamaki. A 1890 da 1891 hukumomin Rasha sun tsare wasiƙun da 'yan ci-rani suka aiko daga Brazil da Amurka, don kada su ruɗi wasu su bi sahu. Masanin tarihi Witold Kula ya gano su a Warsaw lokacin mamayar Jamus. Yawancinsu sun ƙone a 1944, sai fiye da 300 da suka tsira aka buga a 1973. Darajarsu ita ce ba wanda ya zaɓe su don su yi kyau. Amma su ma ɗan sanda ne ya tace su, ya fi tsare masu ɗauke da tikiti ko masu kwaɗaitar da fita. Kuma manomi da bai iya rubutu ba yakan sa wani ya rubuta masa, wani kuma ya karanta wa iyalinsa a bainar jama'a, don haka abin kunya da gazawa ba su cika shiga takarda ba.

Marubutan gudun hijira bayan 1945

Cibiyoyi biyu ne suka riƙe adabin. A Landan akwai Wiadomości, jaridar mako-mako ta Mieczysław Grydzewski, daga 1946 zuwa 1981, mai riƙon al'adar Poland ta kafin yaƙi. A Maisons-Laffitte, bayan garin Paris, akwai gidan buga littattafai na Instytut Literacki na Jerzy Giedroyc da mujallarsa Kultura, wadda ta fara fita a Roma a 1947 ta rufe a 2000 bayan rasuwarsa, da fitowa 637. Mutanen gidan ba su taka kara sun karya ba: Giedroyc, da Zofia da Zygmunt Hertz, da Józef Czapski, a gida ɗaya suke kwana suke aiki, su ne masu gyara su ne masu ɗaure ƙunshi zuwa gidan waya.

Bambancin cibiyoyin biyu shi ne jigon da manazarta suka fi tattaunawa. Ƙungiyar marubutan da ke waje ta yanke a 1947 cewa membobinta kada su buga komai a cikin Poland, ta sake jaddada hakan a 1956. Giedroyc kuwa masu karatu na gida ya sa a gaba. Shi ya ba Czesław Miłosz mafaka a 1951 bayan ya ajiye aikin jakadancin gwamnatin kwaminis, a daidai lokacin da wasu 'yan Landan ke kiransa ɗan leƙen asiri. Shi ya riƙa buga kundin tunanin Witold Gombrowicz tun 1953, yana karɓar rubutun ta wasiƙa daga Ajantina. A mujallarsa ne kuma Juliusz Mieroszewski ya yi ta jayayya cewa dole Poland ta haƙura da Vilnius da Lviv, biranen da ke hannunta kafin yaƙi, ta amince da 'yancin Ukraine da Lithuania da Belarus, maganar da a Landan ake ɗauka cin amana ce.

Mai nazarin waɗannan rubuce-rubuce yana da tarkuna uku. Na farko sunan aro: Paweł Hostowiec shi ne Jerzy Stempowski, "Londyńczyk" shi ne Mieroszewski, marubutan cikin gida kuwa sun ɓoye sunayensu don tsoron kurkuku, kuma sau da yawa wasiƙun edita ne kaɗai ke tona asirin. Na biyu bambancin bugu. Rubutu ɗaya na iya kasancewa da siffa uku ko huɗu: ta mujalla, ta littafin Paris, ta bugun ɓoye da aka sake yi a Poland bayan 1976, da ta bugun hukuma. Kundin Gombrowicz da aka buga a Kraków a 1986 an datse masa wurare, don haka wanda ya kafa hujja da shi ba tare da ya gwada da na Paris ba zai yi kuskure. Na uku auna yawan masu karatu. Adadin da aka buga ba ya faɗin komai a kan wannan, don an yi bugu na musamman ƙanana, a siririyar takarda, da matafiyi zai sa a aljihu, kwafi ɗaya kuma yakan zaga gidaje da dama. Shari'ar da aka yi wa wasu matasa a 1970 kan shigo da Kultura ta tsaunukan Tatra na cikin 'yan shaidun da ke nuna hanyoyin.

Tarihin binciken

'Yan hijirar ne suka fara nazarin kansu. Tymon Terlecki ya shirya juzu'i 2 kan adabin 1940 zuwa 1960 a Landan, Maria Danilewicz-Zielińska ta fitar da nata a Paris a 1978. A Amurka an kafa cibiyar masana ta New York a 1942, Bronisław Malinowski ne shugabanta na farko.

A cikin gida kuwa binciken ya karkata. An yarda a yi nazarin 'yan ci-rani na ƙarni na 19, Jami'ar Jagiellonian ta buɗe sashe a kansu a shekarun 1970, mujallar Przegląd Polonijny ta fara fita a 1975. Amma littattafan hijirar siyasa suna kulle a ɗakin da sai da takardar izini ake shiga, wasu sunaye ma an hana ambatonsu. An san girman abin ne a 1977, da wani ma'aikacin hukumar tace rubutu, Tomasz Strzyżewski, ya tsere Sweden da kwafin umarnin hukumar. Da aka rushe hukumar a 1990 sai ƙofa ta buɗe. A 1999 Andrzej Friszke da Paweł Machcewicz da Rafał Habielski suka fitar da juzu'i 3 kan hijirar 1945 zuwa 1990. Aikin shekarun nan na farko ya ɗan yi yawan yabo, kamar mai biyan bashi. Na baya ya fi duba rigingimun cikin gida, da talauci, da matan da suka riƙe ƙungiyoyi da makarantun Asabar.

Inda takardun suke

Laburaren Poland na Paris, wanda aka kafa a 1838, yana riƙe da na Babbar Hijira. Tarin Rapperswil na Switzerland an mayar da shi Warsaw a 1927, yawancinsa ya ƙone a yaƙi. Takardun gwamnatin hijira da na soja sun rabu tsakanin Cibiyar Sikorski a Landan da Cibiyar Hoover a Stanford. Na Miłosz da Gombrowicz suna Jami'ar Yale. Na Kultura suna nan a Maisons-Laffitte, UNESCO ta sa su a rajistarta ta takardun tarihi na duniya a 2009, kuma da yake Giedroyc yakan ajiye kwafin wasiƙun da ya aika, ana samun ɓangarorin hira biyu a wuri ɗaya, abin da ba a cika samu ba. Na Wiadomości sun koma Toruń, inda jami'ar garin ta kafa ma'adanar hijira a 1995. Fayilolin 'yan sandan ciki na zamanin kwaminis suna hannun Cibiyar Tunawa ta Ƙasa a Poland, amma sai da hattara: jami'i yakan kambama abin da ya samu don ya burge na sama, mai kai rahoto yakan ƙara gishiri don kuɗi.

Ɓangaren Afirka bai samu kulawa kamar sauran ba. Kimanin mutum 18,000 daga cikin waɗanda suka fito ta Iran, galibi mata da yara, sun zauna a sansanoni a gabashi da kudancin nahiyar, irin su Tengeru kusa da Arusha a Tanzaniya ta yau, da Koja da Masindi a Uganda. A shekarun 1970 kuma kamfanin gwamnati Polservice ya tura likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a aiki a Najeriya bisa kwantiragi. Waɗannan da izinin hukuma suka fita, wasu suka koma da wa'adi ya cika, wasu suka wuce Turai ta yamma ko Amurka daga can, don haka sukan faɗi tsakanin rukunin 'yan ci-rani da na 'yan hijira a alkaluman.