Gyaran Kundin Tsarin Mulki: Amsoshin Tambayoyin Da Kuke Ta Maimaita Mini

Duk lokacin da 'yan majalisa suka kafa kwamitin yi wa kundin 1999 kwaskwarima, sai tambayoyi iri ɗaya su yi mini rubdugu, a ƙofar masallaci, a wajen ɗaurin aure, har a waya cikin dare. Na amsa har bakina ya gaji. Ga su a rubuce, wanda ya sake tambaya sai ya karanta.

Shugaban ƙasa zai iya gyara kundin shi kaɗai?

A'a. Ko waƙafi ɗaya ba zai iya gogewa ba.

To wa ke gyarawa?

Sashe na 9 ya fayyace. Sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun yarda: sanatoci 73 cikin 109, 'yan Majalisar Wakilai 240 cikin 360. Ku lura, jimillar kujeru ake lissafawa, don haka wanda bai zo zama ba tamkar ya ce a'a ne. Daga nan ƙudirin ya zagaya majalisun dokokin jihohi, sai 24 cikin 36 sun amince, sannan shugaban ƙasa ya rattaba hannu. A 2015 an bi duk waɗannan matakai, Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu, aikin shekaru ya bi ruwa.

Ai duk abin da mai mulki ke so sai ya samu.

Wannan maganar tana ba ni haushi, domin tana kashe wa mutane gwiwa a banza. Shekarunka nawa a 2006? Obasanjo na kan kujera, jam'iyyarsa ce ke da rinjaye, aka cusa tazarce cikin jerin gyare-gyare fiye da ɗari. Ranar 16 ga Mayu, ana nunawa kai tsaye a talabijin, Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi fatali da ƙudirin baki ɗaya. Da aka san jama'a na kallo, kowane sanata sai da ya tuna zai koma gida.

Za su iya wayar gari su cire mana 'yancin addini ko na faɗin albarkacin baki?

Kwantar da hankalinka. Waɗannan suna cikin Babi na 4, daga sashe na 33 zuwa na 46, kuma taɓa babin sai da kashi huɗu bisa biyar: sanatoci 88, wakilai 288, ga kuma jihohi 24. Haɗa wannan adadi a Najeriya ba wasa ba ne. Inda ya kamata ka sa ido shi ne sashe na 45, wanda ya ba da damar taƙaita wasu daga cikin haƙƙoƙin ta hanyar doka saboda tsaro, zaman lafiya ko lafiyar jama'a. Ta wannan ƙofar ake shigowa, ba tare da an gyara kundin ba.

An taɓa yin gyaran da ya amfani kowa kuwa?

An yi. Rashin lafiyar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta bar ƙasa cikin ruɗani, shi ya sa gyaran 2010 ya ce in shugaba ya yi kwana 21 bai miƙa wa majalisa takardar sanar da tafiya hutu ko gaza yin aiki ba, majalisa za ta ba mataimakinsa riƙo. A 2018 Buhari ya sa hannu aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na ɗan majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. A Maris 2023 aka ba jihohi ikon shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Yanzu gwamna ba shi da bakin cewa wuta ta Abuja ce kaɗai.

Na ji an sa haƙƙin abinci a kundin, kuma an ce ilimi kyauta ne. A makarantar gwamnati ana karɓar kuɗi a hannun ɗana. Zan iya kai ƙara?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama, kuma ba zan ce maka eh ko a'a kai tsaye ba.

Kundin ya raba alƙawuransa gida biyu. Na Babi na 4, in an take maka, sashe na 46 ya ce ka nufi Babbar Kotu. Amma ilimi da lafiya da walwala suna Babi na 2, kuma nan aka ajiye batun abinci a gyaran 2023. Sashe na 6(6)(c) kuwa ya ɗaure wa kotu hannu a kan wannan babin. Wato in ka shiga kotu da sashe na 18 kaɗai, ka ce gwamnati ta yi alƙawarin ilimi kyauta, mai yiwuwa lauyanta ya miƙe da wannan sashen, a sallame ka tun ba a shiga gundarin magana ba. Abin yana min ciwo: abin da talaka ya fi buƙata shi aka ajiye inda alƙali ba zai kai hannu ba.

Sai dai ƙofar ba a rufe take ruf ba. Idan majalisa ta ɗauki wani alƙawari daga Babi na 2 ta mai da shi doka, to dokar tana da haƙora. Haka aka yi da ilimi: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, ta kuma mai da karɓar kuɗin makaranta laifi. A 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa wannan haƙƙi ne da za a iya nema a kotu. Saboda haka in ɗanka yana cikin waɗannan shekaru tara, kana da abin riƙewa. In babbar sakandare ce ko jami'a, wannan dokar ba ta kai can ba, sai dai a duba abin da jiharka ta tanada. Abinci kuwa, sashen shi kaɗai ba zai ciyo maka ƙara ba.

Ko a firamaren ma ya danganta da sunan da aka sa wa kuɗin. Na taɓa riƙe wata 'yar takarda da wani maƙwabcina ya kawo mini, an yago ta daga littafin rubutu, an rubuta kuɗin alli da tsintsiya, babu hatimi, babu sa hannu. Irin wannan sai a ce maka gudummawar ƙungiyar iyaye da malamai ce, ba tilas. Don haka nemi rasit tukuna. Tambayi ko an kori yaron daga aji saboda bai biya ba, domin wannan ne ke nuna tilas. Fara da shugaban makaranta, cikin mutunci, wataƙila shi ma allin ne ba a aiko masa ba. In bai yiwu ba, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a rubuce, ka ajiye kwafi. Kotu ta zo a ƙarshe, kuma ku haɗu da yawa, ku nemi lauya, don shari'a tana cin kuɗi da shekaru. Kada ka cire yaron daga makaranta cikin fushi.

Yaushe za a ba mu tamu jihar?

Kada ka sa rai da wuri. Sashe na 8 ya gindaya har da ƙuri'ar raba gardama. Tun da Abacha ya ƙirƙiro shida a 1996, ciki har da Zamfara da Gombe da Nasarawa, ba a ƙara ko ɗaya ba.

Me ya hana 'yancin ƙananan hukumomi wucewa?

Ku ya kamata in tambaya. Majalisar tarayya ta amince da shi a 2022, ya je majalisun jihohi ya maƙale, bai samu 24 ba. Sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Kun san sunan sanatanku, kun san kowane minista, amma in na ce wa ke wakiltar mazaɓarku a majalisar jiha sai ku hau sosa ƙeya. Alhali gidansa ba shi da nisa da naku, kuna haɗuwa da shi wajen jana'iza da suna. Ku je ku tambaye shi ina ya jefa ƙuri'arsa ranar da ƙudirin ya zo gabansu.