Buga Hoton Baƙi-da-Fari a Gida: Wace Firinta, Wace Tawada?

Na ɗauki hoton hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau, na mayar da shi baƙi-da-fari. Da na buga sai ya fito kore-kore. Me ya jawo?

Firintarka ba ta da tawada mai ruwan toka. Yawancin waɗanda ake aiki da su a shagunan Samaru da PZ a Zariya tawada huɗu ce a cikinsu: baƙa, shuɗiya, ja-ja da rawaya. Har Epson L805 da L1800, masu tawada shida da masu wankin hoto ke ji da su, babu toka a ciki. In hoto ya buƙaci toka, sai firinta ta gauraya launuka ta haɗa. Ɗaya ya ɗan rinjaya kawai, shi ke nan, farin rawanin mahayi ya koma kore ko ruwan hoda. Wani abin haushin ma, ka duba hoton a ƙarƙashin ƙwan lantarki ka ga launi ɗaya, ka fita da shi rana ka ga wani.

To in sa ta buga da baƙar tawada kaɗai mana?

Launin zai tafi, amma wata matsalar ta shigo. Baƙi kaɗai ba ya yin toka sai ta hanyar warwatsa ɗigo, don haka fuskar mutum da sararin sama sukan fito da tsakuwa-tsakuwa.

Wace firinta ce ta dace ke nan?

Mai toka. Tun 2005, da Epson ta fito da R2400 mai baƙi hawa uku, wato baƙi da toka biyu, aka samu sauƙin wannan aiki. Daga baya aka samu Epson SureColor P700 da Canon imagePROGRAF PRO-300, duka sun fito a 2020, kowacce tawada goma, suna buga takarda har A3+. Aikinsu ba a magana. Sai dai da katirij suke aiki, wato mazubin tawada da ake sauyawa da sabo in ya ƙare, kuma ranar da guda ɗaya ya ƙare aiki ya tsaya cak. Kafin ka biya kuɗi, tambayi mai sayarwa daga ina za ka riƙa samun tawadar.

A ganina, ga mai bugawa a gida a Zariya, Epson L8180 ta fi dacewa, ko ƙanwarta L8160 mai tsayawa a A4. Tanki gare su, da kwalba ake ɗura tawadar, kuma cikin shidan akwai toka guda da baƙi iri biyu. Ba su kai P700 laushin inuwa ba, amma za ka iya ciyar da su.

Ana cewa tawada iri biyu ce. Mene ne bambancin?

Akwai ta rini, wadda ke narkewa ta shige cikin takarda kamar yadda baba ke kama zane a marina. Tana ƙyalli a takarda mai sheƙi, amma hasken rana yana saurin kodar da ita. Ɗayar kuma gari ne mai laushin gaske cikin ruwa, yana zama a saman takarda. Ita ta fi jure shekaru, kuma ita P700 da PRO-300 ke sha. In hoton kakanka ne za a sa wa gilashi a rataye a zaure, ta garin za ka nema. L8180 kuwa baƙi ɗaya ne kawai na gari, sauran rini ne.

Baƙi biyu na mene ne?

Ɗaya na takarda mai sheƙi, ɗaya na marar sheƙi. Ka faɗa wa firinta irin takardar da ka sa, in ba haka ba baƙin ya fito fari-fari.

Tawadar kasuwa mai araha fa?

Ta wadatar ga takardun makaranta. Ga baƙi-da-fari kam, kuskuren launi kaɗan ido yana kama shi, kuma manhajar firinta an auna ta ne da tawadar kamfanin. Kada kuma ka zuba ta gari a tankin rini.

Me ke kashe firinta a nan?

Zaman banza da ƙurar hunturu. Tawada takan bushe a bakin ƙananan kafofin da ke fesa ta, ta garin ma ta fi saurin toshewa, kuma wankin kan firinta, wato sashen da kafofin suke, tawada yake ci. Ka buga ko ƙaramin hoto ne duk mako, ka rufe ta da mayafi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka kuma haɗa ta da inbata, domin in aka ɗauke wuta tana cikin aiki, kan yakan tsaya a tsakiya bai koma mazauninsa da ke rufe shi ba, a nan zai bushe.