Idea Store: Ɗakunan Karatu na Ƙaramar Hukumar Tower Hamlets

Idea Store suna ne da ƙaramar hukumar Tower Hamlets, da ke gabashin birnin Landan a ƙasar Ingila, ta laƙaba wa sababbin ɗakunan karatu na jama'a da ta fara buɗewa a shekarar 2002. Da Hausa, sunan na nufin wani abu kamar "kantin basira". Tsarin ya haɗa laburare da azuzuwan ilimin manya da wurin neman bayanai a gini ɗaya, kuma aka kafa kowane reshe a bakin kasuwa ko a cikin jerin kantuna. Yana cikin misalan da aka fi ambata idan ana maganar sabunta ɗakunan karatu na ƙananan hukumomi a Turai.

Asali

A Ingila, ɗakin karatu na jama'a nauyi ne da ke wuyan hukumomin yankuna. Dokar 1850 ce ta fara ba garuruwa damar kashe kuɗin haraji a kansa, sannan dokar 1964 ta wajabta wa hukumomin samar da hidimar laburare cikakkiya mai inganci ga duk mai buƙata, ba tare da karɓar kuɗin aron littafi ba.

An kafa Tower Hamlets a 1965, bayan an haɗe tsofaffin gundumomin Stepney da Poplar da Bethnal Green. Yanki ne da ya daɗe yana karɓar baƙi: Yahudawa daga gabashin Turai a ƙarshen ƙarni na 19, daga baya kuma 'yan Bangaladash, galibinsu daga yankin Silet, waɗanda a ƙidayar 2021 suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna. Talauci ya yi wa unguwannin katutu, alhali dogayen benayen bankunan Canary Wharf na cikin wannan ƙaramar hukuma.

Ɗakunan karatun da hukumar ta gada ba su rasa tarihi ba. Na Whitechapel, wanda aka buɗe a 1892 da gudummawar attajiri John Passmore Edwards, ya yi suna har ana yi masa laƙabi da jami'ar unguwar talakawa, saboda yadda 'ya'yan baƙin haure Yahudawa suka koyi karatu da zane a cikinsa. Sai dai zuwa ƙarshen shekarun 1990 jama'a sun ƙaurace wa yawancin waɗannan gine-gine. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke leƙa su, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a Landan.

Binciken 1998

Maimakon ta yi wa tsofaffin gine-ginen kwaskwarima, hukumar ta fara da tambayar mutane, musamman waɗanda ba sa zuwa. A 1998 aka yi ta tattaunawa da mazauna, kuma amsar da ta fito ba ta da wani sarƙaƙiya. Mutane ba su ƙi littafi ba. Wurin ne ya yi musu nisa da harkokinsu na yau da kullum, lokacin buɗewa kuma bai dace da mai aiki ba. An gina ɗakunan a zamanin Sarauniya Biktoriya da bayansa, a inda jama'a suke a wancan lokaci. Tun daga nan kasuwanni sun koma wasu wurare, hanyoyin mota sun canja, laburaren kuwa yana nan inda aka bar shi. Uwar da ta fito cefane da yara biyu ba za ta sake yin wata tafiyar ta musamman don aron littafi ba, amma idan ƙofar na kusa da mai kayan miya za ta shiga.

Akwai kuma batun kwarjini. Ga wanda makaranta ba ta yi masa daɗi ba, ko wanda Turancinsa bai nuna ba, gini mai manyan matakala da tsit kamar kotu ba wurin sakewa ba ne. Haka azuzuwan ilimin manya, da yawa a tsofaffin makarantu ake yin su, wurin da babba ke jin nauyin komawa. Wannan ya sa a tsarin da hukumar ta fitar a 1999 aka yanke shawarar haɗe hidimomin biyu, a kai su inda ƙafa ta fi yawa.

Gine-ginen

Reshe na farko ya buɗe a Bow a 2002, kusa da kasuwar Roman Road. Na Chrisp Street ya biyo baya a 2004, na Whitechapel a 2005, na Canary Wharf a 2006, sai na Watney Market a 2013.

David Adjaye, masanin zanen gine-gine ɗan asalin Ghana da aka haifa a Darussalam ta Tanzaniya, shi ya zana na Chrisp Street da na Whitechapel. Na Whitechapel ne mafi girma, bene mai hawa biyar, an lulluɓe shi da gilashi mai ratsin kore da shuɗi, launukan da ke kama da na tamfol ɗin rumfunan 'yan kasuwar da ke shimfiɗe a gabansa. Mai wucewa yana hango na ciki, na ciki yana hango kasuwa. An sa wurin shan shayi a hawa na ƙarshe, ta yadda mai neman kofi sai ya ratsa kantocin littattafai kafin ya kai, dabarar da aka aro daga manyan kantuna. Ginin ya shiga jerin waɗanda suka yi takarar kyautar Stirling, babbar kyautar zanen gine-gine ta Birtaniya, a 2006, shekarar da filin jirgin saman Barajas na Madrid ya lashe ta.

Yadda ake gudanarwa

Canjin da ya fi tasiri ba a gilashi yake ba. An tsawaita lokacin aiki har zuwa dare, aka riƙa buɗewa kwana bakwai a mako. An rage allunan hani, an sassauta dokar shiru da ta cin abinci, ma'aikata suka bar bayan kanta suna zagayawa cikin jama'a. A gini ɗaya mutum zai ari littafi da Turanci ko Bangali, ya yi amfani da kwamfuta da intanet kyauta, ya shiga ajin koyon Turanci ko ɗinki ko girki ko motsa jiki, ya kawo ɗansa zaman tatsuniya. Kwasa-kwasan da yawa ana biyan kuɗi, da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Yawan ziyara ya tashi daga kimanin rabin miliyan a shekara kafin sauyin zuwa kusan miliyan biyu bayansa.

Suka

Ba kowa ya yi na'am ba. Wasu masana da tsofaffin masu karatu sun ga cire kalmar laburare daga sunan a matsayin jin kunyar wani gado mai daraja, suna cewa mai karatu ba abokin ciniki ba ne, littafi kuma ba haja ba ce. Wasu sun koka da hayaniya, kuma kokensu na da tushe: ɗalibin da ya gudo daga gida mai cunkoso, shiru yake nema. Rufe tsofaffin gine-gine ma ya yi wa mutane ciwo. An rufe laburaren Whitechapel a 2005, aka haɗe gininsa da gidan nunin zane-zane na Whitechapel da ke maƙwabtaka da shi, wanda ya sake buɗewa a 2009.

Tun farko rassa bakwai aka yi niyyar ginawa, biyar suka tabbata. Daga 2010 gwamnatin tsakiya ta zaftare kuɗin da take ba ƙananan hukumomi, kuma alƙaluman da aka fitar a 2019 sun nuna an rufe ɗakunan karatu kusan 800 a faɗin Birtaniya cikin wannan tsakani, wasu kuma aka miƙa su ga 'yan sa-kai. Matsin ya taɓa Tower Hamlets ita ma. Ban da rassan Idea Store, hukumar ta ci gaba da riƙe tsofaffin ɗakunan karatu biyu da sunansu na asali, na Bethnal Green da na Cubitt Town, tare da ma'ajiyar tarihin yankin da ke titin Bancroft.